Giyar Pilsen da tukunyar kunun zaki: Iyakar da sanyi da lokaci ke tsarewa

A shekarar 1838 mutanen garin Pilsen, wanda yanzu yake cikin Jamhuriyar Cek, suka mirgino ganga 36 na giya zuwa gaban ginin majalisar gari, suka tuttular da ita ta bi kwata. Babu mai wa'azin da ya sa su. Giyar ce ta lalace, ta yi tsami da wari har aka yanke cewa ba ta shayuwa. Masu dafa ta kuwa magidanta ne na garin, waɗanda suka gaji izinin dafa giya a gidajensu tun zamanin sarakunan Bohemiya, kowa da tukunyarsa, kowa da irin tsaftarsa.

Abin kunyar ne ya sa suka haɗa kuɗi suka gina masana'anta guda, suka ɗauko wani gwani daga Bavariya mai suna Josef Groll. Ranar 5 ga Oktoban 1842 ya ɗora tukunyar farko, ranar 11 ga Nuwamba aka buɗe ganga. Abin da ya fito garau yake, launin zinariya, a zamanin da aka saba da giya baƙa mai gurɓi. Ita ce pilsna, kuma akasarin giyar kwalba da ake sayarwa a duniya yau, har da ta Najeriya, kwaikwayonta ce.

Hukuncin giya a Musulunci ba abin muhawara ba ne, kuma tun daga shekarar 2000 jihohi 12 na Arewa suke aiki da dokokin Shari'a. Illarta ga lafiya ma ba ɓoyayya ba ce: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019 kaɗai. Abin da ya sa labarin ya cancanci a tsaya a kansa shi ne ilimin da ke ƙarƙashinsa. Ilimin nan shi ne ke raba abin sha mai kyau da wanda ya lalace, shi ne kuma ke raba kunun zaki da abin da kunun zaki kan rikiɗe ya zama in an bar shi a cikin zafi.

Yadda ake yin ta a kicin

A Amurka da Turai akwai dubban mutane da ke dafa giya a gida don sha'awa, kamar yadda wani ke kiwon tattabaru. A cikinsu an san cewa pilsna ce jarrabawar ƙarshe. Kayan haɗinta huɗu ne kacal: ruwa, tsiron sha'ir, yisti, da furen wata shuka mai yaɗo da ake kira hop, wanda ke ba ta ɗaci da ƙamshi. Ƙarancin kayan ne wahalarta. Giya baƙa mai ƙarfin ɗanɗano tana rufa wa mai dafa ta asiri in ya yi kuskure. Pilsna ba ta rufa asirin kowa.

Mai dafawa a gida yakan yi lita 19 zuwa 20 a tashi ɗaya. Zai ɓarza tsiron sha'ir kilo huɗu zuwa biyar, ya jiƙa shi a ruwan da zafinsa ke kusa da digiri 65 zuwa 67 a ma'aunin Salshiyos, ya riƙe shi a haka kamar awa guda. A wannan zafin ne sinadaran da ke cikin tsiro suke narka sitacin hatsi su mayar da shi sukari. In zafin ya yi sama sosai sinadaran sun mutu, in ya yi ƙasa aikin ya yi nawa. Saboda haka ma'aunin zafi ba ya barin hannunsa.

Masu bin tsohuwar hanyar Pilsen sukan ƙara wa kansu aiki. Sai su ɗebi wani kaso na dusar da ke jiƙe, su tafasa shi daban, su mayar cikin sauran don zafin ya ɗaga mataki-mataki. Masana'antar Pilsner Urquell har yau sau uku take yin haka. Dabarar ta samo asali ne tun kafin ma'aunin zafi ya wadata, domin ruwan da ya tafasa zafinsa sananne ne, in an san yawan abin da aka ɗiba an san inda zafin tukunya zai tsaya.

Bayan an tace, ruwan zaƙin zai sha tafasa na minti 60 zuwa 90 tare da furen hop, kuma ba a rufe tukunyar, don wani sinadari da ke cikin farin tsiro ya bi tururi ya fita. In ya zauna, giyar za ta riƙa warin dafaffiyar masara. Daga nan sai a sanyaya shi da sauri zuwa digiri 10 ko kusa da haka. Daga wannan lokaci duk abin da zai taɓa ruwan, cokali ne ko tiyo ko murfi, sai an kashe ƙwayoyin da ke jikinsa. Ruwan zaƙi mai ɗumi gona ce ga kowace irin bakteriya.

Sai sanyi, wanda shi ne ainihin sirrin. Yistin laga yana aiki ne a digiri 8 zuwa 12, a hankali, na mako biyu zuwa uku. Saboda sanyin yana rage masa kuzari, sai an zuba kusan ninki biyu na yistin da ake sa wa giyar da ke tsima a ɗumi. Dab da ƙarshe akan ɗaga zafin zuwa digiri 16 ko 18 na kwana biyu ko uku, don yistin ya shanye wani sinadari mai warin man shanu da shi kansa ya fitar. Sannan a saukar da shi kusa da daskarewa, a ajiye mako huɗu zuwa takwas. Kalmar laga kanta daga Jamusanci take, ma'anarta ajiya. Mai dafawa yana da wani ma'auni na gilashi da ke yawo a kan ruwa yana nuna kaurinsa: a farko yakan nuna kusan 1.048, in yisti ya cinye sukari ya sauko wajen 1.012. Da wannan bambancin yake lissafa yawan barasar da ta samu, wadda kan kama kashi huɗu zuwa biyar cikin ɗari.

Wato mutum zai yi aikin wuni guda, ya jira wata biyu, kuma firjinsa ba zai mutu ba dare da rana. Mai karatu a Kano ko Maraɗi ya riga ya san inda gizo ke saƙar.

Abin da giyar sanyi ta haifar

Mutanen Bavariya sun gane amfanin sanyi tun kafin su san dalilinsa. A 1553 mai mulkinsu, Albrecht na Biyar, ya hana dafa giya daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Satumba, saboda ta lokacin zafi ce ke yawan lalacewa. Sai aka koma dafawa da hunturu ana ajiyewa a kogo tare da ƙanƙarar da aka yanko daga tafki. A Pilsen an haƙa ramukan ajiya a cikin dutse da tsawonsu ya kai kusan kilomita tara.

Neman dalilin lalacewar ne ya buɗe ƙofofin da duniya ke amfana da su har yau. Louis Pasteur na Faransa ya wallafa bincikensa kan giya a 1876, inda ya nuna cewa ƙananan halittu ne ke tsimar da ita, wasu kuma ke ɓata ta. A 1883 Emil Christian Hansen, a ɗakin binciken kamfanin Carlsberg da ke Kopenhagen, ya ware ƙwayar yisti guda ya haɓaka ta ita kaɗai ba gauraye. A wannan ɗakin ne dai Søren Sørensen ya fito da ma'aunin tsami na pH a 1909, wanda yanzu ake amfani da shi a asibiti da gona da matatar ruwa. Injin sanyaya kaya na Carl von Linde kuwa, wanda ya share wa firjin zamani hanya, masu masana'antar giya ta Spaten a Munich ne suka ɗauki nauyinsa a shekarun 1870. Mai ajiye allurar rigakafi a firjin asibitin ƙauye yana cin gajiyar wannan tarihi ko bai taɓa jin sunan Pilsen ba.

Wani abin mamaki ma, sai a 2011 masana suka gano ɗaya daga cikin iyayen yistin laga, wanda ya gadar masa da juriyar sanyi, a dazukan Patagoniya da ke Ajantina. An yi ƙarnuka ana aiki da shi ba a san asalinsa ba.

Inda dokokinsu suka ja layi

Ba ko'ina ne aka sakar wa masu dafawa a gida mara ba. Birtaniya ta cire sharaɗin lasisi a 1963. A Amurka, bayan an janye haramcin barasa na 1920 zuwa 1933, dafa giya a gida ya ci gaba da zama laifi har Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu kan doka a Oktoban 1978. Dokar ta yarje wa baligi galan 100 a shekara, ko galan 200 ga gida mai baligai biyu ko fiye, ba tare da izinin sayarwa ba. Jihohin Mississippi da Alabama ba su amince ba sai a 2013. Japan har yanzu ba ta yarda a haɗa abin da barasarsa ta kai kashi ɗaya cikin ɗari a gida ba.

A ƙarshen shekarun 1970 masana'antun giya a Amurka ba su kai 100 ba. Bayan shekara arba'in da 'yan kai sun haura 9,000, kuma da yawa daga masu su a gareji suka koyi aikin. Ken Grossman, wanda ya kafa kamfanin Sierra Nevada a Kalifoniya, shagon sayar da kayan dafawa a gida yake da shi kafin nan.

Amma akasarin ƙasashen da suka sassauta kan tsimi ba su sassauta kan tace barasa ta hanyar tururi ba. A Birtaniya da akasarin Turai wannan sai da lasisi. Dalilan sun haɗa da haraji, da gobara, da guba. Najeriya ta ɗanɗana ɓangaren gubar a 2015, lokacin da mutum 18 suka mutu a Ode-Irele ta Jihar Ondo, sannan gommai suka mutu a Jihar Ribas, bayan shan ogogoro mai ɗauke da metanol, sinadarin da ke makantarwa kuma yake kashewa. Abin da ake haɗawa a ɓoye babu mai auna shi.

Dawar Arewa a cikin kwalba

Alaƙar pilsna da Arewa ta fi kusa fiye da yadda ake zato. Kamfanin Nigerian Breweries ya fitar da Star, laga ta farko da aka dafa a ƙasar, a Legas cikin 1949, ya buɗe masana'anta a Kaduna a 1963. Shekaru da dama daga Turai ake shigo da tsiron sha'ir. A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da shi, kamfanoni suka shiga neman madadi, suka same shi a dawa. Irin dawar nan SK5912 da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta samar yana cikin waɗanda aka dogara da su. Tun daga lokacin manyan motoci ke kwasar dawa daga kasuwannin Arewa zuwa masana'antun tsiro, ciki har da ta Aba.

Tsiron dawa ba giya kaɗai ake yi da shi ba. Shi ne a cikin lemukan malt marasa barasa da ake rabawa a bikin aure da suna, yana kuma cikin Milo da ake dama wa yara. Manomin ya sayar da hatsinsa ɗanye a farashin kaka. Wanda ya san yadda ake jiƙa shi, a tsirar da shi, a busar da shi a zafin da aka auna, shi ya kwashe ribar da ke tsakani, sannan ya dawo da kayan Arewa a cikin gwangwani.

Gashi kuwa fasahar tsiro ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Masu burkutu da fito a Filato da Kudancin Kaduna da arewacin Ghana, da masu bilbil a Kamaru da Chadi, da tsiron dawa suke aiki tun kaka da kakanni. Haka ma mai kunun zaki. Idan ta raba gasara biyu, ta dama kashi ɗaya da tafasasshen ruwa, ta bari ya ɗan huce, sannan ta zuba ɗanyen kashin da aka niƙa da tsiro ko busasshen dankali, kunun da ya yi kauri sai ya tsinke ya yi zaƙi. Abin da ya faru a tukunyarta shi ne abin da ke faruwa a tukunyar mai pilsna a digiri 65: sitaci ya zama sukari. Ta san lokacin zubawa da bayan hannunta. Shi ya san shi da lamba, kuma lamba ce ake iya rubutawa a koyar da wani, a maimaita gobe a samu abu iri ɗaya.

Daga nan hanyoyinsu suke rabuwa. Shi yana zuba yisti da gangan don ya cinye sukarin ya bar barasa. Ita so take sukarin ya zauna. Sai dai yisti ba ya jiran gayyata: yana cikin iska, yana jikin hatsi, yana maƙale a robar da aka wanke sama-sama aka sake ɗura kunu a ciki. A zafin watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, kunun da aka ɗura da safe yana iya fara kumfa kafin gobe. Robar da ta kumbura, murfin da ya yi tsit da aka buɗe, ɗanɗanon da ke cizon harshe, duk alamu ne cewa tsimi ya kankama. Wani ɓangarensa tsami ne na bakteriya irin na nono, wani ɓangaren kuwa aikin yisti ne. Zoɓo da lemon citta da ruwan tsamiya da aka zuba wa sukari duk a kan wannan hanya suke.

Musulunci bai bar wannan iyaka a duhu ba. Imamu Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa akan jiƙa wa Manzon Allah (SAW) zabibi, ya sha a ranar da kashegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage kuma a bayar ko a zubar. Malaman fiƙihu sun yi dogon bayani kan alamomin da ke nuna jiƙo ya juya, kuma hukuncin nasu ne. Abin lura shi ne an ɗauki lokaci a matsayin abin kiyayewa. Mai sana'ar da ba ta san abin da ke gaggauta tsimi ba, ba ta da yadda za ta kiyaye shi illa ta zubar da kaya ta yi asara, ko ta sayar wa yaran makaranta a haka.

Za a samu masu cewa koyar da irin wannan ilimi buɗe ƙofar giya ne. Damuwar tana da tushe, amma ta kauce wa inda gibin yake. Mai burkutu ba ta jiran darasin kowa, ta iya aikinta. Wadda ba a koya wa komai ba ita ce mai kunu da mai zoɓo da mai fura da nono, waɗanda ke ciyar da gidaje da wannan sana'a a kowace unguwa. Hukumar Hisba a Kano takan tara kwalaben giya ta sa a murƙushe su a bainar jama'a, kuma tana aiki ne da dokar jihar. Ɗaya rabin aikin, wato taimaka wa masu abin sha na halal su kare kayansu daga juyawa, shi ne har yanzu ke neman mai ɗauka da irin wannan himma.

Abin da ake buƙata ba shi da tsada. Ma'aunin zafi na kicin bai kai kuɗin buhun sukari ba. Dumama abin sha a cikin kwalba zuwa digiri 63 na rabin awa, ko 72 na daƙiƙa 15 kamar yadda ake yi wa madara, yana kashe akasarin ƙwayoyin da ke ɓata shi. Ajiye shi ƙasa da digiri 5 yana rage wa sauran gudu. Daina amfani da robobin da aka tsinto daga bola yana toshe babbar hanyar shigarsu. Waɗannan darussa ne na kwana biyu ko uku, kuma sassan kimiyyar abinci na jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da ke Kano da Zariya da Kaduna da Maiduguri suna da malaman da za su iya bayar da su da Hausa. Hukumar NAFDAC da ma'aikatun mata na jihohi suna da hanyar kaiwa ga ƙungiyoyin masu sana'a.

Sanyin ne dai ya rage babbar matsala, kamar yadda ya kasance ga mutanen Bavariya. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Tana tsawaita kwanan tumatir da alayyafo, amma ba ta saukar da zafi zuwa inda kunu ke buƙata. Mace ɗaya mai sayar da roba hamsin a rana ba za ta iya sayen firji mai aiki da hasken rana ba. Mata ashirin a layi ɗaya, da rancen da ba shi da ruwa daga gwamnatin jiha ko asusun zakka da waƙafi, za su iya. Magidantan Pilsen ma ba wanda a cikinsu ya isa ya haƙa kogo shi kaɗai, sai da suka haɗa izininsu da kuɗinsu wuri guda a 1839, kuma shekara uku suka yi kafin a ɗora tukunyar farko.